Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Rabon Amfanin Gona da Zaman Lafiyar Gida

Barkanmu da kaka. Gero ya shiga rumbu, wake da gyaɗa sun iso gida, dawa ma tana kan hanya. Allah ya sa albarka a cikin abin da aka samu.

Darasinmu na wannan wata a kan zaman gida ne da zumunci. Za mu duba yadda magidanci zai raba abin da ya noma, iyali su ƙoshi, 'yan'uwa su samu, kuma a ga wata kakar ba tare da bashi ba. Ku karanta a hankali. Akwai ɗan lissafi a ciki, don haka kowa ya ajiye fensir da takarda kusa.

MUTUM BIYU DA KE SHAN WAHALA

A kowane gari akwai mutum iri biyu da kaka ba ta yi musu rana.

Na farko shi ne mai sakin hannu. Da ya ga rumbu ya cika, sai ya manta da bazara. Bikin wane ya zo, a sayar da buhu. Sunan wance ya zo, a sayar da buhu. Shi ma ya ga lokacin ƙarin aure ya yi. Makaɗa suna yi masa kirari, yana jin daɗi. Kafin ruwan shuka ya sauka rumbu ya zama fanko. Da marka, lokacin da aikin gona ya fi yawa, sai ka gan shi yana ƙwadago a gonar wani don a samu na tuwon dare. Tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye. Baɗi amfaninsa ya ragu, ga bashi a wuya.

Na biyu shi ne marowaci. Shi ya kulle rumbu ya rataya mabuɗi a wuya. Matarsa ta ce awo ya ƙare, ya ce ta cika ɓarna. Ƙanensa ya zo neman agaji, ya ce babu. Hatsinsa yana nan, amma gidansa ba daɗi. Ran da jinkar ɗakinsa ta faɗi, ko ciwo ya kwantar da shi da damina, ba mai zuwa masa gayya. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Addini ya hana almubazzaranci, ya kuma hana rowa. Hanyar kirki tana tsakanin biyun. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. To, ta yaya mutum zai san daidai ɗin? Sai ya auna.

FARA DA SANIN ABIN DA GIDA KE CI

Maigida da yawa ya san yawan daminsa, amma bai san kwano nawa ake ci a gidansa kullum ba. Uwargida ce ta sani, domin ita ke surfe da girki. Saboda haka lissafin nan na mutum biyu ne. Ku zauna tare bayan sallar isha, yara sun yi barci. Maigida ya ce, "Uwargida, kwano nawa ke isar mu a yini, tuwo da koko da fura?" Ita kuma ta faɗi gaskiya, kada ta ƙara, kada ta rage don kunya.

Mu ɗauki misali. A ce gida ne na mutum 8, suna cin kwano 2 kullum.

A wata ɗaya: 2 sau 30, kwano 60.
A shekara: 60 sau 12, kwano 720.

Babban buhu yakan ci kwano 40, wanda wasu ke kira tiya. In ka raba 720 gida 40, za ka samu 18. Ke nan gidan nan yana bukatar buhu 18 daga wannan kaka zuwa waccan. Kowane wata buhu ɗaya da rabi ke nan.

Wanda ke ajiye hatsinsa a dami fa? Dami ba girmansa ɗaya ba, na wannan gari ya bambanta da na wancan. Ɗauki dami ɗaya matsakaici, a sussuke, a sheƙe, a auna. In ya ba da kwano 5, sai ka raba 720 gida 5. Amsa ita ce dami 144. Wannan shi ne abincin gidanka na shekara.

KASHI SHIDA NA AMFANIN GONA

Yanzu a ce magidancin nan ya samu gero da dawa buhu 30. Ga yadda zai iya kasa su.

1. Zakka. Musulmin da hatsinsa ya kai nisabi, wajen kilo 650, zai fitar da kashi 1 cikin 10 in noman ruwan sama ne. In da inji ko jigo ya yi ban-ruwa, kashi 1 cikin 20 ne. A cikin buhu 30 na damina, buhu 3 ke nan. Wanda bai gane awon ba ya tambayi malamin garinsu. Saura 27.

2. Abincin gida. Buhu 18. Wannan kashi ba a kai shi kasuwa, ba a yin biki da shi. Ciyar da iyali wajibi ne a kan maigida. Saura 9.

3. Iri. Buhu 1. A zaɓi zangarniya mai kyau tun a gona, a ajiye ta daban. Wanda ya ci irinsa zai saya da tsada ran da aka yi ruwan shuka, kuma bai san abin da aka sayar masa ba. Saura 8.

4. Tsimi. Buhu 3, wato abincin wata 2. Saura 5.

5. Zumunci. Buhu 2, don iyaye da surukai, baƙi, gudunmawar biki da taimakon maƙwabci. Saura 3.

6. Na sayarwa. Buhu 3, a haɗa da kuɗin wake, gyaɗa ko riɗi. Daga nan za a biya bashi, a sayi taki, a yi wa yara kayan makaranta da sutura.

Wannan misali ne kawai. Gidanka yana iya fin haka ko ya gaza. Abin lura shi ne jerin: abinci da iri suna gaba da biki.

ME YA SA AKE TSIMI?

Kakanninmu sun san amfanin rumbun tsimi. Rumbu ne da ba a buɗe shi sai rana ta ɓaci. Wuya ce ta koya musu. A 1914 an yi babbar yunwa a ƙasar Kano, wadda aka sa wa suna Kakalaba. An yi fari a 1973, an kuma yi a 1984. Tsofaffin da suka ga farin nan suna raye, ku tambaye su. Ba fari kaɗai ba ne. Damina tana iya makara. Ambaliya tana iya cin gona. Haihuwa ko jinya tana iya zuwa ba sallama. Gidan da ke da abincin wata 2 a ajiye ba ya ruɗewa da wuri.

Ajiya kuma sai da kula. Hatsi ya bushe sarai kafin a zuba. A gyara rumbu, a toshe ramin ɓera. Wake shi ne ya fi saurin cin ƙwari. Akwai buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu, ba sai an zuba magani ba. Da shi mai wake zai iya jira har kasuwa ta yi kyau.

KASUWAR KAKA DA KASUWAR DAMINA

Da kaka kowa yana da hatsi, kowa yana neman kuɗi, shi ya sa yake araha. A lokacin ne 'yan kasuwa ke bin kasuwannin ƙauye suna saye, suna kaiwa manyan kasuwanni irin ta Dawanau a Kano. A yawancin shekaru, daga watan Yuni zuwa Agusta hatsi yakan yi tsada, domin rumbuna sun yi ƙasa. Manomin da ya sayar da abincinsa a Nuwamba shi ne zai koma ya saye shi a Yuli, da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa. In ba kuɗi, ya ci bashin hatsi, ya biya da ƙari in kaka ta zo. Haka mutum ke noma wa wani shekara da shekaru.

In lissafinka ya nuna abincin ba zai kai ba, gara ka sani tun yau. A ce na wata 9 ka samu. Saura wata 3 ke nan, buhu 4 da rabi. Kana da rani gaba ɗaya ka nemo su. Mai fadama ya yi lambu. Mai sana'a ya riƙe ta. Mai zuwa cin rani ya tafi da niyyar abin da zai kawo. In da rago ko ɗan akuya na sayarwa, a sayar a sayi hatsi yanzu yana araha. A lokacin yunwa dabba takan rame, kuɗinta ya faɗi, hatsi kuma ya hau.

HAƘƘIN MUTANEN GIDA

Rabon hatsi yakan gyara gida, yakan kuma raba shi. A kula da mutum uku.

Mata. Abin da mace ta samu da kiwonta, ko ƙuli-ƙulinta, ko gonarta, nata ne. In maigida ya matsu ya nemi rance a wurinta da daɗin baki, ya kuma biya a kan lokaci. Mai mace fiye da ɗaya ya yi awo a fili, kowace ta gani. Ɗakin da ya fi yara ya fi bukata, a yi bayanin haka tun farko. Awon ɓoye shi ke haifar da zargi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Samari. Ɗan da ya yi damina yana noma a gandu yana da ido a kan rumbu. In uba ya sayar da amfanin ya yi hidimar kansa, ɗa ba ko riga, baɗi zai ce a ba shi gonarsa, ko ya tafi birni. Gandu da yawa a nan suka watse. A bar wa saurayi gayaunarsa da lokacin noma ta. A zauna da shi a nuna masa lissafin. Wanda aka yi shawara da shi ba ya jin an cuce shi.

Tsofaffi. Uwa da uba da ƙarfinsu ya ƙare, a sa su cikin lissafin abincin gida tun farko. Kada sai abin da ya rage.

BIKI DA GUDUNMAWA

Da kaka ake yawan aure, domin lokacin ne hannu ke da abu. Biki abin farin ciki ne, gudunmawa kuma ita ke riƙe zumunci. Yau kai ka ba, gobe kai za a ba. Matsalar ita ce gasa. Wance ta kai kaza, ni ma sai na fi ta. Lefen gidan wane akwati kaza ne, namu ba zai gaza ba. Biki na kwana biyu ne ko uku, amma ango da amarya za su ci tuwo kowace rana bayansa. Iyayen ɓangare biyu su zauna su yi magana, a yi abin da za a iya.

To, in ɗan'uwa ya zo neman abin da ya fi ƙarfinka fa? Kada ka ɓuya, kada ka ce a ce ba ka nan. Fito ka tarbe shi, ka ba shi ruwa. Ka ce, "Yaya, na ji bukatarka. Buhu ba zai samu ba, don na auna abincin yara ya zo daidai. Ga kwano 10, ka yi haƙuri da su. Ran aikin kuma da ni za a yi." Ko ransa ya sosu a ranar, zai san ba ka wulaƙanta shi ba. Zumunci a ƙafa yake. Zuwa gaisuwa, duba mara lafiya da kama aiki duk gudunmawa ce, kuma ba ta taɓa rumbu.

Amma in yunwa ce ta kawo maƙwabci ƙofarka, yaransa sun kwana ba su ci ba, wannan ba maganar biki ba ce. A buɗe tsimi a ba shi. Don irin wannan rana aka yi shi.

TAMBAYOYI

1. Wace wahala mai sakin hannu ke sha da damina? Marowaci fa?
2. Gidan da ke cin kwano 3 kullum, buhu nawa zai ci a shekara?
3. Manomi ya samu buhu 20 na noman damina. Buhu nawa ne zakkarsa?
4. Me ya sa hatsi ke araha da kaka?
5. Faɗi hanya biyu na taimakon ɗan'uwa ba tare da an taɓa abincin gida ba.

AIKIN YI

Kowane ɗalibi ya samu shafi ɗaya a littafinsa. Ya rubuta yawan mutanen gidansu, da kwanon da ake ci kullum, da abin da aka noma bana. Ya ja layi shida, ya rubuta kashi shidan nan, kowanne da adadinsa. Mata ɗalibai su ma su yi nasu, su nuna wa mazajensu. Wanda lissafi ya rikice masa ya kai wa malamin aji su duba tare. A ƙarshen kowane wata a rubuta abin da aka ɗiba a rumbu, a ga ko ana tafiya daidai.

Allah ya ba mu wadatar zuci da zaman lafiya a gidajenmu, ya kai mu wata kakar lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.