Filin Shawara: Maigidana ya haukace a kan lambobin sojan Jamus

 Goggo, bayan rasuwar surukina, maigidana ya buɗe tsohuwar adakarsa ya tarar da wata baƙar lamba mai siffar gicciye, da harafin W a tsakiya da 1914 a ƙasa. An ce ta kakansa ce da ya yi soja. Tun daga ranar ba ni da miji. Kullum yana kan waya da dillalai, ya sayi wasu lambobin ta intanet, har da mai tambarin Hitila, alhali kuɗin makarantar yara na jira. Ƙannensa sun ji an ce ta kakan za ta yi miliyoyi, sun fara tsegumi. Ni kuma tsoron abin nake ji. In jefa su a masai ne, ko in goge su mu sayar mu huta?
Daga wata baiwar Allah, Yola.

 'Yata, ajiye soson ƙarfen nan tukuna, ki kuma yi nesa da masai. Na ji zafin da ke ranki. Mace ta dafa tuwo ta kai, miji ya sa hannu ɗaya a kwano, ɗayan yana latsa waya yana kallon tsohon ƙarfe, wa zai ji daɗi? Amma fushi ba zai biya kuɗin makaranta ba, kuma ranar da ya gane ke kika ɓatar da abin kakansa, maganar ba za ta mutu ba har ku tsufa.

Abin da kika kwatanta lambar jarumta ce ta sojan Jamus. Sarkin Furushiya, Friedrich Wilhelm na Uku, shi ya ƙirƙiro ta a 1813 lokacin yaƙinsu da Napoleon, aka sabunta ta a 1870, sannan a 1914. Wannan W ɗin harafin farko ne na sunan Sarki Wilhelm na Biyu. Ki juya bayanta: in mai ƙawanya ce ta ratayawa, za ki ga kambi, da FW, da ganye, da 1813. Babu tsafi a cikinta, kayan soja ce. In siffar gicciyen ce ke damun zuciyarki, ku je wurin malamin da kuka yarda da shi ku tambaya yadda ya dace a ajiye ta. Ba wanda ya ce a rataya ta a wuya.

To ta yaya ta shigo adakar gidanku? A nan ne nake so maigida ya zuba ƙarfinsa. Jamus ce ke mulkin Kamaru tun 1884, kuma da yaƙi ya ɓarke a 1914, daga nan Yola Ingila ta tura soja su kama Garwa. Harin farko a watan Agusta bai yi nasara ba, sai a watan Yuni na 1915 garin ya faɗi. A dutsen Mora kuwa Jamusawa sun tirje har Fabrairun 1916. Bayan nan an kwashi sojojin Najeriya zuwa Gabashin Afirka, nan ma da Jamus aka gwabza. Saboda haka ba abin mamaki ba ne kayan Jamus su kwana a gidan tsohon soja. Sai dai kada a yi wa tsohon ƙarya bayan ransa. In Ingila ya yi wa soja, ba shi aka ba wannan lamba ba. Ko ganima ce, ko kyautar wani Bature, ko saye ya yi daga baya. Lambar ba ta ɗauke da sunan kowa, takardar da ake haɗa ta da ita ce ke faɗin mai ita. Ku sake zazzage adakar. Lambobin Ingila na wancan yaƙi ana buga sunan soja da lambarsa da rundunarsa a gefensu ko a bayansu. In kun samu irinsu, kun samu kakanku da kansa. Kuma in akwai tsohuwar da ta san shi da rai, a je a gaishe ta da goro, a ɗauki maganarta a waya tun tana nan.

Batun miliyoyi kuwa, ƙannen miji su kwantar da hankalinsu. Ta 1914 mai daraja ta biyu an raba ta ga miliyoyin sojoji, ta cika kasuwannin kayan tarihi a Turai. Tana da kuɗinta daidai gwargwado, amma ba za ta gina gida ba. Duk da haka gado gado ne. Maigidanki ya tara 'yan'uwansa maza da mata, ya ajiye ta a gabansu, a yarda wa zai riƙe, ko a kimanta ya biya su rabonsu. Ɓoye-ɓoye ne ke haifar da zargi.

Ga abin da zai iya dubawa a ɗaki. Ta ainihi yawanci gida uku ce: baƙin ƙarfe a tsakiya, da firam na azurfa gaba da baya da aka like. In ya duba gefenta da kyau zai ga siririn layin haɗin. Ya kanga maganaɗisu a tsakiyar, galibi zai kama. A jikin ƙawanyar sau da yawa akwai ɗan tambarin maƙerin. Wadda aka zuba a zubi ɗaya, rubutunta a dakushe, fenti ya hau kan firam, abar zargi ce. Amma masu yin jabu su ma sun san duk wannan, don haka gwajin ɗaki ba ya zama hukunci. Shi ya sa saye ta hoto cinikin biri ne a sama.

Kada ki goge ta. Ba toka, ba lemun tsami, ba man goge tagulla. Wannan duhun da kike gani datti, shi masana ke dubawa, kuma in ya tafi darajar ta bi shi. A naɗe ta a busasshen ƙyalle, a raba ta da danshin damina, a bar tsohon zarenta ko ya kode.

Mai tambarin Hitila ce ta tsaya mini a rai. Ita ta 1939 ce, in ma ta gaske ce, don kayan wancan zamani sun fi kowanne yawan jabu. Maigida, ka san abin da ka shigo da shi ɗakin 'ya'yanka? Gwamnatin da ta buga wannan tambari ta hallaka Yahudawa miliyan 6. A 1940 sojojinta sun kama baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da ke yi wa Faransa yaƙi, suka ware su daga fararen suka harbe, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da Lyon. A Jamus kanta yau doka ta hana baje wannan tambari a fili, kuma tun 1957 tsofaffin sojojinsu sai lambar da aka cire wa shi suke iya sawa. Wanda zai ajiye don karatun tarihi, ya ajiye a rufe, ya kuma gaya wa yara gaskiyar abin. A bangon falo kam, a'a.

Ke kuma 'yata, sai kin gyara bakinki. Na tabbata kin ce masa "tarkacen banza" ya fi a ƙirga. Mutumin nan mahaifinsa ya rasa, ya samu abin da hannun uban da na kakan suka taɓa, ya riƙe. Ki zauna kusa da shi bayan isha, ki ce ya nuna miki, ki saurara. Sannan ki kawo takardar makaranta ki ajiye a gabansa. Ki ce ta gado ta zauna, saye ya tsaya har a biya. In ya ƙi ji, ki kai wa babban wansa ko kawunsa, ba ƙawayenki ba.

Ku kuma masu karatu, wace ce a cikinmu ba ta taɓa kishi da abin da ba mace ba? Wata tantabaru, wata ƙwallo, wata tsohuwar mota. Maza, sha'awa halal ce, amma da rarar kuɗi ake yinta, bayan cefane da magani da makaranta. Masu tsofaffin adakoki a gida, kada ku miƙa wa 'yan gwangwan a kan kuɗin sabulu, kada kuma ku tura wa dillalin da ba ku taɓa gani ba kafin alƙalami don ya ce zai kai muku kaya Turai. Ku ɗauki hoton gaba da baya, ku nuna wa ma'aikatan gidan tarihi ko malaman tarihi a jami'a mafi kusa.

'Yata, ki sake rubuto mini bayan an yi zaman 'yan'uwan, ina so in ji yadda aka ƙare. Allah Ya jiƙan surukinki, Ya daidaita tsakaninku.