Asirin Tsaro Amana Ne A Wuyan Musulmi

A shekara ta 8 bayan Hijira, sa'ad da Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) yake shirin buɗe Makka a asirce, sai Sahabi Haɗibu ɗan Abu Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda yana sanar da su, ya danƙa wa wata mata. Manzo ya aiki Sayyidina Ali da Zubairu da Miƙdadu, suka riske ta a Raudatu Khakh, ta fito da takardar daga cikin kitsonta. Hanzarin Haɗibu shi ne iyalinsa suna Makka ba su da mai kāre su. An yafe masa domin ya halarci Badar, amma farkon Suratul Mumtahana ya sauka yana hani ga irin wannan aiki. Ashe tsoro saboda iyali ba ya halatta tona asirin jama'a.

Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi sun ɗanɗana ɗacin wannan al'amari. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan biyu, domin a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Laifin 'yan kaɗan ya hana ɗan kasuwa da mai jinya kiran 'yan'uwansu har tsawon watanni.

Dokar Asirin Gwamnati ta 1962 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya fitar da bayanin sirri ba da izini ba. Shari'a kuwa ta riga ta: aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta zargi masu yayata labarin aminci ko na tsoro kafin su mayar da shi ga shugabanni. Hukuncin ya haɗa da ma'aikacin ofis, da ɗan sa-kai, da mai ɗaukar hoton motocin soja ya watsa a WhatsApp.

Sai dai rufe asiri ba mafakar cin amana ba ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba talaka ikon tambayar yadda aka kashe dukiyarsa, ko da yake ta keɓe abin da zai cutar da tsaron ƙasa. Ma'aunin dai shi ne: abin da bayyana shi zai halaka rai, a ɓoye, abin da ɓoye shi zai kāre ɓarawo, a kai wa hukuma. Allah Ya ba da ikon riƙon amana, amin.