Ragin kashi 10 na iya cinye rabin ribarka

Da zarar Sallah ta ƙarato, sai masu shaguna su shiga shelar ragi, wannan kashi 10 cikin ɗari, wancan kashi 20. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa suke lissafin. Mai cin ribar kashi 25 sai ya ce in ya yi ragin kashi 10, ai saura 15. Ina! Riba da uwar kuɗi ake auna ta, shi kuwa ragi daga farashin da ka sa wa kaya ake yanke shi, kuma farashin ya fi uwar kuɗi yawa.

A ce ka saro turmin atamfa a Kantin Kwari, ya tsaya maka ₦8,000 bayan ka haɗa kuɗin mota da na ɗan dako (kada ka manta da su, su ma uwar kuɗi ne). Ka sa masa ₦10,000. Ribarka ₦2,000 ke nan, wato kashi 25.

To, ka yi ragin kashi 10. Mai saye zai biya ₦9,000. Cire ₦8,000, saura ₦1,000. Raba ₦1,000 da ₦8,000, ka ninka sau 100, za ka samu 12.5. Rabin ribar ta tafi. Wanda a da yake sayar da turmi 20 a mako, yanzu sai ya sayar da 40 kafin ya ga ₦40,000 ɗin da ya saba samu. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko ragin zai ninka maka ciniki. In ka ɗaga ragin zuwa kashi 15, turmi ya koma ₦8,500, riba ta zama ₦500, kashi 6.25 kacal, sai turmi 80 ke nan. A kashi 20 kuwa uwar kuɗinka kawai ka mayar, ga kuɗin haya da na yaron shago suna jiranka.

Saboda haka duk lokacin da ragi ya canza, ka mayar da shi naira tukuna, ka ga nawa zai shigo hannunka, sannan ka gwada shi da uwar kuɗi.

Idan kuwa sabon kaya ne ba ka sa masa farashi ba, kana son yin ragin kashi 10 kuma ribar kashi 25 ta tsaya, raba ₦10,000 da 0.9. Za ka samu ₦11,111, sai ka cike shi ₦11,200. In ka tsaya a ₦11,000, bayan ragi ₦9,900 za ka karɓa, ribar ta sauko kashi 23.75. Amma ƙara wa tsohon kaya kuɗi da dare don gari ya waye ka ce ka yi ragi, wannan yaudarar mai saye ce, kuma matan da ke zagaya kasuwa sun san farashin jiya.