Buzu Mai Gadi, Bafulatanin Daji: Darasin da Yaranmu ke Ɗauka a Waya

Ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kwaleji a nan Malbaza, kuma ina so in yi magana da iyaye da 'yan'uwana malamai kan wani darasi da ba ya cikin tsarin karatu, amma yaranmu sun haddace shi tsaf. A waya suke ɗaukarsa: fina-finan barkwanci da ake tura musu a tasha, da gajerun bidiyo na TikTok da WhatsApp. A ciki Buzu kullum mai gadi ne, yana ƙofar gidan Alhaji da rawani da butar shayi, Hausarsa a karye. Bafulatani in ya shigo gari sai ya ga mota ya ruga. Baƙauye wawa ne, ɗan Ibo kuɗi kawai ya sani, kishiya kuwa ba ta rabuwa da gidan boka.

Ba ni da gaba da fim. Tun daga Turmin Danya a 1990 masana'antar Kano ke ɗebe mana kewa, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya sa gidaje da yawa dariya a lokacin ƙunci. Abin da ke damuna maimaici ne. Yaro ya ga siffa ɗaya yau, ya gan ta gobe, har ta zame masa gaskiya.

Na taɓa ce wa 'yan ajina kowa ya rubuta abin da ya fara zo masa a rai in an ce Buzu. Da na tattara takardun, yawanci "mai gadi" suka rubuta. Babu wanda ya tuna da ayarin gishirin Bilma ko rubutun Tifinag, alhali mun karanta su. A ajin nan kuma akwai wani yaro ɗan ruga da ya daina ɗaga hannu, don da ya buɗe baki sai na baya su kwaikwayi muryarsa irin ta cikin fim. Yaro ne mai kai, amma shiru ya zaɓa.

Da na yi musu magana sai suka ce, "Mushe, ai wasa ne, taubasantaka ce." Wannan amsa ta cancanci a tsaya a kanta, domin taubasantaka dukiyarmu ce, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Amma tana da ƙa'ida. In Bagobiri ya tsokani Bazabarme, ko Ba'are ya tsokani Bafulatani, dukansu suna wurin, wanda aka tsokana zai rama, a tashi ba fushi. Kuma taubashin nan shi ne mai shiga tsakani ranar da rigima ta tashi, shi ne mai zuwa ranar suna da ranar rasuwa. A fim kuwa marubuci ɗaya ke riƙe da bakunan duka biyu. Wanda ake yi wa dariya ba ya nan, balle ya rama.

A yankinmu maganar asali ba ƙaramar magana ba ce. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a nan ƙasar Ƙonni, sai a 2008 kotun CEDEAO ta ba ta gaskiya, bayan dokar da ta haramta bauta a 2003 da gwagwarmayar ƙungiyar Timidria. Don haka in yaro ya ce wa ɗan'uwansa "ɗan bayi" yana dariya, wani tsohon miki ya taɓa, ko bai sani ba.

Abin da nake yi yanzu ba ya buƙatar kuɗi. Mu kalli minti biyar na fim tare, in tambaye su: wa ake yi wa dariya a nan, kuma an bar shi ya mai da martani? Kun san mutum irinsa a Malbaza, haka yake? Sai su sake tsara fitowar su buga ta a gaban aji, da sharaɗin ta ba da dariya ba tare da an wulaƙanta kowa ba. Suna iyawa, wani lokaci har ta fi ta asali daɗi. Abin da ya fi ratsa su shi ne in na tambayi waɗanda suka taɓa tsallakawa Illela ko Sakkwato yadda suka ji da aka kwaikwayi Hausarsu aka kira su 'yan Nijar cikin raini.

Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, wanda ke nufin ƙarin yara masu wani harshen uwa za su riƙa magana da ita a gabanmu, da karin harshensu. Iyaye, don Allah ku karɓi wayar nan wani dare ku kalla tare da su, ku yi musu tambayoyin nan. Malamai kuma, in an kwaikwayi muryar yaro a aji, a tsai da darasi a yi maganar nan take, kada a bari sai an tashi.