Tsegumi a Ƙananan Ikilisiyoyin Yammacin Zamfara da Hanyar Magance Shi

Kiristocin da ke zaune a Anka da Gummi da Bukkuyum tsiraru ne a cikin al'ummar da galibinta Musulmi ne, kuma ikilisiyoyinsu, wato taron masu bi da ke sujada a majami'a ɗaya, sun haɗa 'yan kasuwa daga kudancin ƙasa da ma'aikatan gwamnati da jami'an tsaro da mutanen ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, wadda ke makwabtaka da wannan yanki. A taro ƙarami irin wannan kowa ya san kowa, saboda haka maganar da aka yi a bayan idon mutum ba ta kwana ba ta zagaye ikilisiya ba, sau da yawa kuma ikilisiyar takan rarrabu bisa harshe da asali, har a wayi gari masu sujadar Hausa da masu sujadar Turanci sun zama tamkar ikilisiyoyi biyu.

Abin da ya sa matsalar ta fi muni a nan shi ne rashin tsaro. A wurin da 'yan bindiga ke garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa, hirar wanda ya sayar da shanu, ko ya samu riba a haƙar zinare, ko zai bi hanyar Gusau da sassafe, bayani ne da kan iya faɗawa kunnen infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto a ɓoye. Katse layukan waya da aka yi a faɗin Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021 ya nuna yadda hukuma ta ɗauki yawon bayani da muhimmanci. Ɗaya ɓangaren ya fi haɗari, domin zargin mutum da zama infoma ba tare da hujja ba na iya jawo masa duka ko kisa kafin a bincika, kuma bai dace ko kaɗan irin wannan zargi ya samo asali daga bakin ɗan'uwa mai bi ba.

Littafi Mai Tsarki ya shimfiɗa tsari a Matiyu 18:15-17, inda aka umarci wanda aka ɓata wa ya fara samun mai laifin su biyu kaɗai, idan bai saurara ba ya koma da shaida ɗaya ko biyu, sai hakan ya gagara sannan a kai maganar gaban ikilisiya. Haka kuma 1 Timoti 5:19 ya hana karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Amfanin wannan tsari yana hannun mai sauraro fiye da mai magana, domin duk wanda aka kawo wa labarin wani ya kamata ya tambayi mai kawowar ko ya riga ya sami mutumin, idan kuwa bai yi ba, ya nemi su tafi tare.

Wajibi ne fasto da dattawa su lura da roƙon addu'a, musamman a taron Zumuntar Mata da na matasa, domin a nan ne sirrin gidaje kan fita da sunan tausayi. Kada a ambaci suna ko dalili sai da izinin mai matsalar. Zaurukan WhatsApp ma suna bukatar mai kula da zai goge saƙon da ba a tabbatar ba.

Kuɗi kuwa shi ne tushen yawancin zargi. Ya kamata mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare, a riƙa karanta rahoton shiga da fita a kan kari, amma gudummawar da aka tara wa iyalin wanda aka sace ta tsaya a hannun ƙaramin kwamiti, ba tare da shelar adadi ko sunayen masu bayarwa ba.

Haɗin kai yakan ƙarfafa ne ta aiki tare, kamar ziyarar marasa lafiya da tallafa wa waɗanda suka rasa matsuguni, irin waɗanda ambaliyar Gummi ta 2024 ta shafa, kuma reshen Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, wadda aka kafa a 1976, na iya haɗa ɗarikoki a kan haka. Idan jita-jitar ta shafi makwabta Musulmi, waɗanda addininsu shi ma ya haramta giba da annamimanci, shugabannin ikilisiya su kai ta wurin mai unguwa ko hakimi tun kafin ta isa kasuwa.