Darasin Juma'a: Iyalin da suka bar Ƙairawan suka zauna a Fas

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san sunan Ƙairawan, don Ibn Abi Zaid mutumin can ne. Garin yana ƙasar Tunisiya ta yau, Uƙba bin Nafi'u ne ya kafa shi a shekara ta 50 bayan Hijira. A wannan makon za mu duba labarin wasu iyali da suka bar garin suka nausa yamma, tafiyar fiye da kilomita 1,300, zuwa Fas ta Maroko.

A farkon ƙarni na 9 Miladiyya Fas sabon gari ne. Idrisu na Biyu ya faɗaɗa shi a 809, kuma yana bukatar mutane. Sai baƙi suka zo ta ɓangare biyu. Mutanen Ƙurɗuba, waɗanda aka kora daga Andalus bayan tawayen 818, suka sauka a gaɓar kogi ɗaya. Mutanen Ƙairawan suka sauka a ɗaya gaɓar. A cikinsu akwai wani ɗan kasuwa, Muhammadu al-Fihiri, da 'ya'yansa mata biyu, Faɗima da Maryam. Allah Ya buɗa masa a sabon wuri, da ya rasu ya bar dukiya mai yawa.

Labarin ya zo mana ne ta littafin Raudul Ƙirɗas na Ibn Abi Zar'i, wanda aka rubuta shekaru fiye da 450 bayan faruwar abin, shi ya sa malaman tarihi ke taka tsantsan da wasu bayanansa. To amma masallacin dai yana nan tsaye, ana salla a ciki har yau.

Abin da ya ruwaito shi ne, a watan Ramadan na shekara ta 245, wato 859, Faɗima ta fara gina masallaci da gadonta. Sai da ta fara sayen filin daga hannun mai shi, ta biya. Dutse da yashin ginin daga cikin filin aka haƙo su, rijiya ma a ciki aka tona, don kada wani abu mai shubuha ya shiga bango. An ce tana azumi tun daga ranar da aka sa harsashi har aka gama. Maryam kuwa ita ake jinginawa masallacin Andalusawa da ke ɗaya gaɓar, wato ta gina wa mutanen da ba 'yan garinsu ba.

Nan ne muke so mu ɗan tsaya. Faɗima ba ta tattara gadon ta aika Ƙairawan a yi mata gida ba. Ta duba inda take kwana take tashi, inda aka binne mahaifinta, ta ce nan ne ake da bukata. Mu fa? Kakanninmu sun gangaro Kurmi da shanu sun koma da goro, wasu suka zauna. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa ta. Yau shekara fiye da ɗari ke nan, amma har yanzu da yawanmu "baɗi zan koma gida" muke cewa. Mutum ya yi shekara talatin a ɗakin haya, ya gina bene a garinsu wanda babu mai kwana a ciki sai ƙadangaru, 'ya'yansa kuma a nan aka haife su, Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsu, kuma ba su da ajin Islamiyya mai rufin kirki. Ba mu ce kada a yi gini a gida ba, zumunci wajibi ne. Amma yaran nan a nan za su girma.

Sai maganar fili. Masallatan baƙi nawa muka ji an rushe ko an shiga kotu a kansu saboda da baki aka ba da wurin, mai kyautar ya rasu, magada suka ce ba su san zancen ba? Takardar saye da shaidu da sa hannun masu ƙasa ba rashin tawakkali ba ne. Haka kuɗin da ke shiga asusu: gara bulo ɗari na halal da dubu wanda ba a san asalinsa ba.

Masallacin Faɗima ƙarami ne da farko, ba a ma yin Juma'a a cikinsa. Sai a ƙarni na 10 aka mayar da huɗuba can, aka ƙara masa hasumiya a 956, Murabiɗai suka sake faɗaɗa shi wajen 1135. Zauren karatun da ya tsiro a cikinsa shi ne ya zama Jami'ar Ƙarawiyyin. Sunan kansa ma'anarsa mutanen Ƙairawan, kamar yadda ake ce mana 'yan Sabo.

Akwai kuma abin da bai yi daɗi ba. Gaɓoɓin nan biyu kowace ta kewaye kanta da ganuwa, da kasuwarta da masallacinta, suna ta gasa da rikici, har sai da Yusuf bin Tashfin ya ci garin wajen 1070 ya rushe katangar da ke tsakani. Shekaru kusan 250 Musulmi baƙi biyu suna kallon juna ta kan bango. Mu ma mun san yadda Bakano da Basakkwace da Babarbare ke jan layi idan aka zo zaɓen kwamiti, balle tsakaninmu da 'yan'uwanmu Musulmi Yarbawa da ke tsallaken titi.

Kwamitin masallaci zai zauna ranar Lahadi bayan La'asar kan takardun filinmu da rufin ajin yara. Dattawan da suka halarci lokacin da aka ba da wurin, muna roƙonsu su daure su zo, kuma duk mai wata tsohuwar takarda ko rasit a akwati ya taho da ita.