Kufai da Sarauta: Shaidu Biyu na Tarihi

Ta yaya masana ke gano tsarin mulkin mutanen da suka shuɗe? Shaidu biyu sukan taimaka musu: kufai da sunayen sarautu.

Bari mu fara daga gida. Kafin jihadi, ƙasar Haɗeja, wadda Kaugama ke cikinta, ta kasu ne zuwa ƙananan masarautu 7, irin su Auyo da Garun Gabas. Suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima, wanda ke zaune a Nguru yana tsaron iyakar yamma. Wato shi hakimi ne, kuma jagoran yaƙi.

Ba Barno kaɗai ta yi wannan dabara ba. Tun ƙarni na 7 Daular Rumawa ta Gabas ta girke rundunoni a lardunanta. Shugaban kowace runduna, mai sarautar sitirategos, a hankali ya haɗa yaƙi da mulkin lardin. Haka ma Mayawan Amurka ta Tsakiya: rubutun ƙarni na 8 da ke jikin duwatsun kufan Yashilan, a ƙasar Meksiko, ya ambaci sahal, hakimai masu riƙe wa sarki garuruwa, masu kamo masa abokan gaba.

Dutse ne ya adana sunan sahal. Mu kuwa ganuwarmu ta ƙasa ce. Ruwan sama da garma da masu haƙar ƙasar gini suna cinye ta. Saboda haka, malamai, ku kai ɗalibai kufai mafi kusa, su auna, su zana, sannan su tambayi dattawa: wa ya riƙe garin nan, kuma da wace sarauta?